Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Ƙannena masu koyon zanen gine-gine, da ku nake, musamman ku 'yan Shanono da Bagwai da Gwarzo da nake haɗuwa da ku a mota kuna rungume da jakar kwamfuta. Wasunku suna Makarantar Nazarin Muhalli ta Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano da ke Gwarzo, wasu suna Jami'ar Bayero, wasu Wudil, wasu sun kai har Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Na ga aikin da yawa daga cikinku, kuma hannunku ya fi namu lokacin da muke kamar ku. Yaro zai zauna da Revit ko ArchiCAD, kafin la'asar ya tayar da bene, ya sa masa tagogi da rufi, har da inuwar darbejiya a ƙofar gida. Inda nake jiye muku shi ne minti biyar na ƙarshe, sa'ad da injiniya ya bugo waya ya ce a turo masa zanen a DWG, ku kuma ku danna nan ku danna can, ku tura ta WhatsApp, ku rufe kwamfuta da zaton aiki ya ƙare.

Bari in fara da abin da ya same ni, don kada ku ɗauka hasashe nake yi.

Shekarun baya wani ɗan kasuwa a yankinmu ya ba ni aikin zana masa shaguna huɗu a jere da sito a bayansu. Filinsa ƙafa hamsin ne a fuska, ɗari a tsawo, yadda aka saba yanka fuloti. Ƙafa 50 milimita 15,240 ke nan. Na ba kowane shago faɗin 3,300, ga bango biyar na bulo inci tara, kowanne 225, jimla 14,325. Ragowar 915 na bar ta rata tsakaninsa da maƙwabci saboda ruwan indararo. Na gama, na fitar da zanen zuwa DWG. Da daddare, kafin in tura, sai mai ginin ya kira ya ce shagunan sun yi masa ƙanƙanta, a ƙara wa kowanne kamar ƙafa guda. Wuta ta ɗauke, batir saura ƙiris. Maimakon in koma samfurin ginin, wanda kuke kira modal, in matsa bangwaye in sake fitarwa, sai na buɗe fayil ɗin a AutoCAD, na danna lambar awo, na goge 3,300 na rubuta 3,600, har sau huɗu. Layukan bango ban taɓa su ba. Na ce a raina gobe zan gyara asalin. Na tura wa injiniya fayil, washegari na buga wa helima takarda, gyaran kuma ya faɗa cikin mantuwa.

Injiniya bai bi ta kan lambobina ba, kuma ba laifinsa ba ne, don haka aikin yake tafiya: ya ɗora ginshiƙansa a kan layukan da ya tarar, daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango 3,525. Helima kuwa ba shi da kwamfuta. Lamba ya bi, ya ja igiya, ya kafa turaku a kan 3,600, lebura suka haƙa. Lokacin rani ne, 'yar gambar da ke nuna iyaka dabbobi sun cinye ta, ba wanda ya lura. Ranar da mai ɗaurin rodi ya zo da takardar injiniya, ginshiƙi na biyu ya kauce wa ramin bango da 300, na uku da 600, na huɗu da 900, na ƙarshe da 1,200. Bangon ƙarshen ya cinye ratar indararo kaf, ya shiga filin maƙwabci da milimita 285. Maƙwabcin ya riga ni isa wurin, shi da mai unguwa.

Heliman dattijo ne, ya haife ni. Ya ja ni gefe, ya shimfiɗa takardun biyu a kan bulo, ya danne su da tsakuwa saboda iska, ya ce, "Injiniya, takardar nan taka baki biyu gare ta. Tara mini waɗannan huɗun da bangonsu, sannan ka duba abin da ka rubuta a dogon layin ƙasa." Dogon layin yana nan a 14,325, na manta ban taɓa shi ba. Na ce, "Baba, laifina ne." Ya ce, "Na sani. Je ka gaya wa Alhaji da bakinka kafin wani ya riga ka." Aka cike ramuka, aka sake haƙa, na biya kuɗin lebura daga ladan aikina. Kuɗin bai yi mini ciwo ba kamar yadda na ga Baba, har aka gama ginin nan, ba ya yarda da wata lamba tawa sai ya ɗora mata tef.

To me ya sa takarda ɗaya za ta iya yin baki biyu? A cikin samfuri, bango ya san shi bango ne. Ya san kaurinsa da tsayinsa, ya san ƙofar da ke jikinsa, kuma layin awo a ɗaure yake da shi: ka matsa bango, lamba ta canza da kanta. Revit ma ba ya barin ka goge lambar awo ka rubuta wata lamba a gurbinta, sai ya ƙi. Amma da zarar zane ya tsallaka zuwa DWG, duk wannan sani ya zube a hanya. Abin da ya isa layuka ne da baka-baka da rubutu, ba wanda ya san ɗan'uwansa. Tsarin DWG na AutoCAD ne, wanda kamfanin Autodesk ya fitar a 1982. ArchiCAD ya taso daga ƙasar Hungari a cikin shekarun 1980, Revit kuma ya fito a 2000, Autodesk ya saye shi a 2002. Sababbin sun fi tsohon wayo nesa ba kusa ba, amma injiniyoyin da za ku yi aiki da su a Kano, da safiyo, da mai zanen wayarin, da mai shagon bugawa, yawancinsu da tsohon suke aiki. Don haka gadar nan dole ku hau ta, kuma hanya ɗaya take bi. Gyaran da aka yi a DWG ba ya komawa samfuri. Duk gyara a samfuri ake yin sa, a sake fitarwa, ko da kuwa sau goma ne a yini.

Idan aka turo muku fayil kuna shakkar lambobinsa, akwai yadda ake kama ƙarya. A AutoCAD, layin awo na gaskiya ba ya ɗauke da rubutun hannu. Alamar nan <> ita ke tsaye a madadin abin da aka auna. Ku yi kwafin fayil ɗin, ku zaɓi layukan awo gaba ɗaya, ku duba gurbin rubutun da aka sauya. Wanda aka yi wa katsalandan zai nuna kansa. Da injiniyan nan ya yi mini haka a daren, da abin bai kai ga mai unguwa ba.

Akwai wata ƙaryar da ba wanda ya yi niyyarta, ita ce ta taƙaita lamba. Kun ja bango da ido, ya tsaya a 3,597, salon awonku kuma an saita shi ya kai lamba zuwa goma mafi kusa, sai ya nuna 3,600. A idonku komai lafiya. Injiniya ya auna a fayil ya ga 3,597, ya rasa wanne zai kama. Milimita uku ba komai ba ne a ɗaki ɗaya, amma a jerin azuzuwa ko shaguna goma suna taruwa, kuma dogon layi ya daina yarda da ƙananan. Maganinsa ku riƙa rubuta tsawon bango da lamba tun ranar da kuke ja, kuma kafin fitarwa ku ɗan sauya salon awo ya nuna har ɗigo biyu, ku zaga zanen ku ga inda wutsiyoyi suka fito. Ku duba kusurwa ma, don bango mai digiri 89.9 yana kama da miƙaƙƙe har sai an zo shimfiɗa tayil.

Sannan ku tambayi kanku: daga ina zuwa ina layin awon ya kama? Revit yana ba ku zaɓi ku kama tsakiyar bango, ko fuskar da aka yi wa filasta, ko fuskar bulon kansa. Birkila bulo yake jerawa, filasta sai daga baya. Idan filasta milimita 15 ce kowane gefe, ɗakin da yake 3,600 tsakanin bulo da bulo zai zama 3,570 bayan shafe. Ku auna daga bulo a zanen da za a fitar da gini da shi, ku kuma rubuta a gefen takarda cewa haka kuka yi. Tun muna makarantar allo ake ja mana kunne a kan tauye mudu. Ni dai ban ga bambanci ba tsakanin mai awon gero da ya ɗora yatsa a kwano da mai zanen da ya bar lambar da ya san ba ta yi daidai da layinta ba. Dukansu wani ne zai biya abin da bai karɓa ba.

Maganar mudu ta kawo mu ga ma'auni. Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwar Faruruwa ko Dawanau ya san in an ce "goma", sai ka tambaya goma na wane kwano. Lambar da ke cikin DWG ma haka take, ita kaɗai ba ta da suna. Mai zane yana magana da milimita, safiyo da mita, mai gini da ƙafa, birkila da inci, duk a kan fili ɗaya. A saitin fitarwa na Revit akwai gurbin da ake faɗin ɗaya a DWG me yake nufi: ƙafa, inci, mita, santimita ko milimita. A ArchiCAD kuma yana cikin abin da suke kira mai fassara. Kada ku taɓa wuce gurbin nan ba ku kalle shi ba. Gwajinsa ba ya cin minti guda: ku buɗe fayil ɗin da kuka fitar, ku rubuta DIST, ku auna ƙofar da kuka san 900 ce. In kun ga 900, milimita ne. In 0.9 ne, mita. In 35.43 ne, inci. In 2.95 ne, ƙafa. In kuwa kuka ga 9, to shafin bugawa kuka fitar a ƙanƙance a kan sikelin 1:100, lambobin suna cewa 900 amma layin 9 ne, kuma ba injiniyan da zai iya ɗora aiki a kansa sai ya hura shi sau ɗari. Abin da ake so a filin zane shi ne gini a girmansa na gaskiya, ɗaya bisa ɗaya. Ƙanƙantawa aikin shafin bugawa ne.

Girman rubutu shi ma da sikeli yake tafiya. Rubutu mai tsayin milimita 2.5 a takarda yakan fita 250 a zanen 1:100, ya fita 50 a zanen bayani na 1:20. Kada ku ga sun bambanta ku ce za ku daidaita su da hannu, haka ya kamata su kasance.

Fayil ɗin safiyo kuwa sai an bi shi a hankali. Shanono tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, a shiyya ta 32 ta tsarin UTM, saboda haka lambar arewa da safiyo zai ba ku ta haura mita 1,300,000. Revit ba ya son gini ya yi nisa da cibiyarsa fiye da mil 10, kusan kilomita 16. In ya wuce haka layuka su fara rawa. Don haka ana zana gini kusa da cibiya, a ɗaura shi da lambobin safiyo ta hanyar tsarin wuri na tarayya, sannan ranar fitarwa a zaɓi wanne ake so. Injiniyan ginshiƙai ya fi son na cibiya, mai tsara fili da magudanar ruwa yana son na safiyo, don zanenku ya faɗa daidai kan iyakarsa. Ku kuma tambayi safiyo ko da ma'aunin Minna ya yi aiki ko da WGS 84 na na'urar GPS, don tsakaninsu akwai gomman mitoci, kuma a ƙasarmu da gona ke manne da gona, taku ɗaya ma shari'a ne. Kada ku ce wannan kuskuren yara ne. A garin Laufenburg, inda kogin Rhine ya raba Jamus da Suwizalan, an gina gada daga gaɓa biyu a 2003. Jamus tana auna tudu daga tekun arewa, Suwizalan daga Bahar Rum, bambancinsu santimita 27. Injiniyoyin sun san da shi sarai, amma wajen gyarawa aka ƙara inda ya kamata a rage, sai ratar ta zama santimita 54, dole aka gyara ɓangare ɗaya kafin gadar ta haɗu.

Yanzu ga leya, inda na fi ganin sakaci. Kafin kwamfuta, manyan ofisoshi sukan zana gini a kan falle-fallen takarda mai shara-shara: bango a falle ɗaya, wayarin a wani, famfo a wani, a ɗora su bisa juna a ga duka, a zare wanda ba a so. Leya ita ce fallen nan. Amfaninta ɗaya ne, wanda ya karɓi fayil ya iya kashe abin da bai shafe shi ba. Manomin Shanono yana shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya, amma ba ya zuba su a buhu ɗaya, don ya san wanda zai sayi wake ba ya son ya zauna tsinta. Injiniya yana son bango da ginshiƙi da layukan tsakiya. Kujeru da gadaje da bishiyoyinku ba su dame shi ba. Mai wayarin yana son bango da ƙofofi da sunayen ɗakuna, amma layukan awo sai ya kashe su kafin ya sami wurin sa fitila. Mai ƙididdigar kaya yana son ya ware bangon inci tara daga na inci shida ya ƙirga bulo. Idan ya kashe leyar kujeru sai rabin bango ya ɓace tare da su, kun mayar da shi mai tsintar wake.

Abin da ke rikita yara shi ne Revit ba shi da leya ko ɗaya. Jinsi yake da shi: bango, ƙofa, taga, ginshiƙi, daɓe, rufi, da ƙananan jinsi a ƙarƙashinsu. Sai ranar fitarwa yake duba wani jadawali ya ce wannan jinsi ya tafi leya kaza da launi kaza. Jadawalin nan shi ne zuciyar al'amarin, kuma yawancinku ba ku taɓa buɗe shi ba. Yana zuwa da tsari huɗu da za a zaɓa: na ƙungiyar masu zanen gini ta Amurka, AIA, da na duniya ISO 13567, da na Ingila BS 1192, da na Singafo CP 83. A tsarin Amurka harafin farko yana faɗin sana'a, sauran su faɗi abu: A-WALL bangon mai zane, A-DOOR ƙofa, A-GLAZ taga, A-ANNO-DIMS layukan awo, S-COLS ginshiƙan injiniya, S-GRID layukan tsakiya. ArchiCAD yana da leyoyinsa tun asali, amma shi ma mai fassararsa ne ke yanke shawarar ko sunayenku za su fita yadda suke, ko a rarraba bisa nau'in abu, ko a sauya musu suna. In kun tambaye ni wanne tsari ya fi, sai in ce wanda mai karɓa yake amfani da shi. Ku ɗaga waya ku tambaye shi. In yana da tsohon zane nasa, ya turo muku ku kwafi sunayen leyoyinsa da launukansu.

Amma fa jadawali ba ya gyara abin da aka lalata tun daga tushe, kuma a nan karin maganar da na sa a kai take. Maginan da, in za su yi wa bango ado, tun yaɓe yana ɗanye suke zana shi, don in ya bushe ba ya karɓar yatsa. Leyar da abu zai faɗa, ranar da kuka gina shi a samfuri kuka zaɓa masa. Wanda ya yi ginshiƙi da kayan aikin bango don ya fi sauri, ginshiƙinsa leyar bango zai tafi, injiniya ya nema ya rasa. Wanda ya yi matakala da guntayen daɓe, ta tafi leyar daɓe. Zanko da bakan gizo da sauran adon gidajenmu, da yake ba su zo a cikin kayan Turawa ba, yara sukan ƙera su a jinsin tarkace, sai su taru a leya ɗaya da tankin ruwa da janareta. Ina jin daɗi ƙwarai in ga yaro ya sa zanko a zanensa, amma ya ba shi jinsin bango ko na rufi, ko ya buɗe masa ƙaramin jinsi da sunansa. Haka kayan da kuke saukewa daga intanet, ƙofa ko kujera, kowanne yana zuwa da tarkacen mai shi. Ku bincika kafin ku shigar da su gida.

A jadawalin za ku ga jinsi irin bango yana da gurbi biyu, ɗaya na abin da aka yanka, ɗaya na abin da ake hangowa. Bangon da zanen ya ratsa ta cikinsa da kauri ake buga shi, katangar da ake gani can ƙasa kuma da siririn layi. Ku raba musu leya ko launi. Launi a nan ba ado ba ne: a AutoCAD akwai launuka 255 masu lamba, 1 ja, 2 rawaya, 3 kore, har 7 fari ko baƙi, kuma ofisoshi da yawa da lambar launi suke faɗa wa na'urar bugawa kaurin alƙalami, ta wani ɗan fayil da ake kira CTB. In kuka fitar da launukan da ba sa cikin lissafinsa, zanen zai fito duk layi kauri ɗaya, bango da kujera ba bambanci. Akwai kuma zaɓi a kan abubuwan da kuka sauya wa kama da hannu a cikin zane: ko su fita da kamarsu a leyar jinsinsu, ko a yi watsi da sauyin, ko a buɗe musu sabuwar leya. Na ukun yana haifar da leyoyi barkatai. Na farko ya fi sauƙin zama da shi, na biyu ya fi tsabta in mai karɓa zai sake wa zanen fenti da kansa.

Inda raba leya ya zama wajibi ƙwarai shi ne aikin gyara. Yawancin aikin da za ku fara samu a ƙauyukanmu gyaran tsohon aji ne ko ƙarin ɗaki a asibitin sha-ka-tafi. Bangon da zai tsaya, da wanda za a rushe, da sabo, in suka fita a leya ɗaya, wata rana za a sa guduma inda ba a ce ba. Revit yana barin a liƙa matakin aiki a wutsiyar sunan leya, don kowanne ya fita daban. Ku yi amfani da shi. Kada kuma ku bar komai a leyar 0, kada ku ajiye komai a Defpoints, don abin da ke cikinta yana bayyana a allo amma ba ya fita a takarda.

Duk wannan saiti sau ɗaya ake zama a yi shi, a ba shi suna, a adana a cikin fayil ɗin da kuke fara kowane aiki da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma ware kwafin zane na musamman don fitarwa, wanda kuka ɓoye kayan ɗaki da inuwa da ado a cikinsa, tunda abin da ido ke gani a zanen shi ne ke fita.

Saura tafiyar kanta. In kuka fitar da shafi, Revit yana iya raba zanuka zuwa ƙananan fayiloli da babban yake jingina da su. Ku tura babban shi kaɗai, mutum ya buɗe ya tarar da firam da sunanku, ciki wayam. Ko ku cire wannan zaɓi komai ya haɗu a fayil guda, ko ku ɗaure su duka da ETRANSMIT. Ku tambayi shekarar AutoCAD ɗinsa, don na 2010 ba ya buɗe tsarin 2018, kuma tsofaffin kwamfutoci sun fi yawa a wurin mutanenmu. Ku sauko masa zuwa 2010 ko 2007 ba abin da zai ragu a zanen. Ina ƙarfafa ku ku riƙa rubuta sunayen ɗakuna da Hausa a takardar da za ta je hannun magina, amma ku lura da haruffa masu lanƙwasa. Ba kowane salon rubutu ne yake ɗauke da ɗ da ƙ da ɓ ba. Na sha ganin "ƙofa" da "banɗaki" sun isa da alamar tambaya a tsakiyarsu. Ku gwada a wata kwamfuta kafin ku tura.

Kowane DWG ya tafi da PDF ɗinsa, mai kwanan wata da lambar gyara a sunansa, don ya zama shaida in an yi gardama. Ku tuna kuma takardar A1 da aka zana a 1:100, in mai shago ya matse ta a A3 don rage kuɗi, ta koma 1:200, rubutun 2.5 ya zama 1.25, ga rana ga ƙura, ga idon dattijo. In kun san A3 za a buga, ku tsara shafin a A3 tun farko, ku sa sandar sikeli a ƙasa, ku rubuta da manyan baƙi cewa lamba za a bi, kada a auna takarda da rula.

Muhammadu Durugu, Babban Gwani, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da irinsa na maginan da, suna tsaye ne a kan aikinsu. A ƙasa ake shata gida, awo da kamu da gaba, in yaro ya ɗora tubali a karkace ido ya gani baki ya gyara nan take. Ku kuwa kuna Kano ko Zariya, ginin yana Kokiya ko Tsaure, injiniyan wataƙila yana Abuja, kuma ba lallai ku ukun ku taɓa haɗuwa ba. Fayil ɗin nan shi zai tsaya a madadinku, ba ya jin tambaya, ba ya ba da amsa.

Shi ya sa har yau ba na tura zane sai na rufe samfurin na buɗe abin da na fitar kamar baƙo. In babu AutoCAD a kusa, DWG TrueView kyauta ne, yana buɗewa, yana aunawa, yana sauko da fayil zuwa tsohuwar shekara. Nakan kashe leyoyi ɗaya bayan ɗaya in ga me ke ɓacewa da kowacce. Nakan bar ta bango ita kaɗai in ga ko gidan ya tsaya cif, ba giɓi ba baƙo. In auna ƙofa. In share leyoyin da ba komai a cikinsu da PURGE. Sannan in ɗauki biro in tara ƙananan lambobi da kaurin bangwayensu, in gwada da dogon layin ƙasa, yadda Baba ya sa na yi a kan bulo. In sun yarda da juna sai in tura, in bi da waya in tambayi injiniya nawa ƙofar gaba ta auna a wajensa.